Ɗan-fito Yana Nan

Litinin, da hantsi

Boka ya yi magana. Boka shi ne sunan da Malam ya laƙaba wa lissafin da na gina a kwamfuta, wai don yana faɗin abin da ido bai gani ba. Na ce masa ai bokan nawa mai gaskiya ne, ko kaza ba ya karɓa.

Bari in rubuta yadda aikin yake, tunda Auta ta ce ranar da muka mutu ba wanda zai gane me iyayenta suka yi da rayuwarsu. Akwai fadamu sittin a gefen kogi. Duk damina Malam, wato mijina, yana zagaya su da sassafe, ya tsaya shiru yana saurare ko zai ji ɗan-fito. Ɗan-fito wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne mai launin ƙasa, kullum yana ɓoye cikin ciyawa. Da wuya ka gan shi, sai dai ka ji siririn fitonsa can sama-sama. Kowace fadama sau uku ake zuwa mata, don in ba ka ji shi yau ba, ba wai ba ya nan ba ne, wataƙila iska ta yi yawa ko bai ga dama ba. Daga waɗannan ziyarorin Boka yake ƙiyasta fadamu nawa tsuntsun ke ciki, nawa ya shiga sabo, nawa ya bari, da kuma yiwuwar a ji shi in yana nan. Malam ke saurare, ni ke lissafi. A haka muka yi aure, a haka muka yi furfura. A cibiyar bincikenmu ba wanda ke kiransa da sunansa, Mai Kunne kowa ke cewa, har mai gadi.

To yau Boka ya ce ɗan-fito yana ƙaura. Shekara biyar a jere yana barin fadamu fiye da yadda yake shiga. Dama Malam ya daɗe yana cewa, "Uwar Lissafi, daji ya yi shiru." Yanzu ga lamba ta gaskata shi. Ƙarshen wata zai tsaya gaban kwamitin cibiya ya gabatar da sakamakon, har ya kai wa tela ɗinkin sabuwar riga. Mutum zai je kai labarin rashi amma ya yi sabon ɗinki! Na yi ta yi masa tsiya sai da ya ƙware da shayi.

Talata, da yamma

An yi ruwa mai daɗi. Malam ya dawo da laka har gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana washe baki, wai in zo in taya shi cire takalmi. Na ja, na ja, takalmi ya fita, ni kuma na zauna daɓas a ƙasa. Maimakon ya ɗaga ni sai dariya. Allah ya isa na ce masa, amma ni ma dariyar nake yi.

Laraba, bayan azahar

Oga, shugaban cibiyarmu, ya leƙo ofishina ya ce kafin ranar kwamiti in raba lissafin gida biyu, na Malam daban, na Doguwa daban, don kada wani mai tambayar tsiya ya kama mu. Doguwa ita ce ɗayar mai sauraren. Dakta ce guda, amma tsawonta ya cinye sunanta. Shekara biyar ke nan da ta karɓi fadamu ashirin cikin sittin ɗin, don rage wa Malam wahala.

Na ce to, aikin rabin sa'a.

Na raba. A fadamun Malam ɗan-fito yana raguwa, layin zanen sai gangarawa yake. A fadamun Doguwa kuwa yana ƙaruwa.

Na ce ahaf, yarinya ta cika ɗoki, kowane karan ciyawa ya motsa sai ta rubuta tsuntsu. Na rufe kwamfuta na tafi gida raina fes.

Alhamis, da safe

Ba ɗoki ba ne. Na duba kurciya da sauran masu kaurin murya, su ma ana rubuta su. A kansu Malam da Doguwa bakinsu ɗaya, shekara bayan shekara. Masu siririyar murya ne kawai suke ɓacewa, kuma a wajen mutum ɗaya.

Fadamun nan a cakuɗe suke, ta Malam, ta Doguwa, ta Malam, ta Malam, ta Doguwa, haka har ƙarshen kogi. Tsuntsu bai san wace ce ta wa ba.

Alhamis, da yamma

Butar shayi ta yi ta fito a kan wuta. Yana zaune dab da ita yana karanta jarida. Na taso daga tsakar gida na kashe.

Juma'a, da la'asar

Yau na yi rawa a ofis. Ni, da jikin nan nawa, da ciwon gwiwata.

Ga abin da ya faru. Tun farko na gaya wa Boka ya ɗauka kunnen mai saurare ɗaya ne kowace shekara, ba ya hawa ba ya sauka. Me zai sa in yi shakka, kunnen Mai Kunne ne fa. Shi kuwa Boka bawan Allah, duk shirun da ya gani sai ya ɗora wa tsuntsu. Yau na sake masa igiya, na ce kowane mai saurare da nasa kunnen, kowace shekara da nata. Na danna, na je na yi salla, na dawo.

Wayyo daɗi! Ɗan-fito ba ƙaura yake ba, mamaya yake yi. Tun da ciyawa ta dawo a saman kogi yake shiga sabuwar fadama daga wadda ke kusa da ita, a hankali, daga wannan sai waccan. A taswira koren launi sai hawa yake. Waɗanda ya bari ba su taka kara sun karya ba. Shekara biyar muna zaman makoki ashe mamacin yana can yana gina gidaje.

Ina cikin juyi Doguwa ta shigo da takardu, ta tsaya sororo. Ta ce, "Mama, lafiya?" Na jawo ta na nuna mata taswirar. Ta yi ihu, ta rungume ni, muka yi ta tsalle tare. Sai idonta ya sauka kan ɗayan zanen, wanda ke nuna kunnen kowa. Nata a miƙe. Ɗayan kuma ta gani da idonta.

Ta sake ni a hankali. Ta ce, "Mama, wa zai gaya wa Baba?"

Na ce, "Wa ya aure shi?"

Asabar

Ban faɗa ba.

Lahadi, da hantsi

Ban faɗa ba. Tela ya kawo riga. Ruwan toka ce, ta yi masa kyau ƙwarai, abin haushi. Ya sa ya yi ta kai-kawo a falo yana gwada jawabinsa, ni ce kwamiti. Ya ce, "Ranku ya daɗe, tsuntsun nan na bar mana duniya." Na tafa masa. Me zan yi in ban tafa ba?

Litinin, da rana

Na kira Auta, tunda ita ce ma'aikaciyar jinya a gidan. Na yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa ta katse ni: "Mama, wai sai yanzu kika lura? In na kira shi kullum sai ya ce layi ba kyau. Layin kowa da kyau sai nasa." Na ce don ubanki me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Ni in gaya wa Mai Kunne? Ina son raina." Ta ce shekaru ne kawai, siraran sautuka ke fara tafiya, kuma akwai na'urar da ake sawa. Sai ta koma ba ni labarin wani majinyaci da ya nemi aurenta yana kan gadon asibiti da ledar ruwa a hannu. Na yi dariya har da hawaye. Yarinyar nan ta san yadda ake kwance ni.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, bari in rubuta shi sau ɗaya. Mutumin nan ba shi da komai sai fadama. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. In ya ajiye takalmin nan, zai zauna a kujera ya tsufa a wata uku, ina kallo. In kuma na yi shiru, zai tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ba haka ba, da lissafina a hannunsa.

Talata, da yamma

Na faɗa!

Yana tsugune a bakin famfo yana wanke takalmi, ya ba ni baya. Na tsaya a bayansa, na tattaro duk ƙarfin halina, na sassauta murya don kada in ji masa ciwo. Na faɗi komai, tun daga kurciya har taswira. Na ce ina alfahari da shi. Har da abin da ban taɓa faɗa masa ba tun muna saurayi da budurwa. Na gama ina share ido.

Ya juyo ya gan ni. Ya ce, "Au, kina nan? Miƙo min sabulu."

Na miƙa masa sabulu. Na shiga ɗaki na cusa fuska a filo, ni kaina ban san dariya nake ko kuka ba.

Laraba, da safe

Yau na bar Boka ya yi magana da kansa. Na ajiye kwamfuta gaban Malam a teburin cin abinci, na buɗe taswirar. Ya gyara tabarau. Ya ga koren yana hawa, ya ce, "Wannan kuma na wane tsuntsu ne?" Na ce naka. Na buɗe ɗayan zanen.

Malam ya iya karanta zane, ni na koya masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Nuna min kurciya." Na nuna. Ya ce, "Nuna min na Doguwa ita kaɗai." Na nuna. Ya cire tabarau ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce, "Lissafinki daidai ne." Ya tashi ya shiga ɗaki. Shayinsa na nan ya huce.

Alhamis

Takalmi na bakin ƙofa, a bushe.

Juma'a, da yamma

Ya kira Oga ya ce ba ya jin daɗi. Ya ce min in kai wa Doguwa madubin hangensa, wai nata ya tsufa. Na ce ni ba 'yar aike ba ce. Rigar tana rataye a jikin ƙofa, ba ya ko kallon wajen.

Ya ci abinci dai. Ya ma ƙara. Wannan na riƙe.

Asabar, da hantsi

Takalmi na bakin ƙofa.

Na same shi a kujera yana kallon bango, raina ya ɓaci. Na zagayo ta gabansa, na ɗaga murya yadda maƙwabta ma za su amfana. Na ce, "Malam, ba mijina nake nema ba yau, ma'aikaci nake nema. Ina da shekara biyar na aikinka a kwamfuta, kuma ba zan zubar da su ba. Boka ya yi ƙiyasi, amma ƙiyasi ne mai faɗin baki. In ina son in matse shi, sai ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da Doguwa a fadama ɗaya, lokaci ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya ji. Daga nan zan san nawa ke wuce ka, in gyara shekarun baya. In ba ka je ba, aikinka ka kashe, ba ni ba."

Ya ce, "So kike ki auna ni kamar buhu."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Kuma ni ma zan je."

Nan ya ɗago. Ya ce, "Ke? Fadama?" Ya kalli gwiwata, ya kalli fuskata, sai gefen bakinsa ya motsa. Ya ce wannan kam ko a makara yake sai ya tashi ya gani.

Litinin, bayan azahar

Bari in rubuta da sauri kafin wani abu ya zube.

Mun fita gari na wayewa, a motar cibiya, Doguwa ke tuƙi. Rabona da fadama tun ina da cikin Auta. Ban yi nisa ba laka ta riƙe min takalmi ɗaya, na ci gaba da ƙafa ɗaya a safa, ina riƙe da hannun Malam, yana ce min, "Sannu, Uwar Lissafi, nan ba ofis ba ne." Ya san kowane tudu, ya san inda ƙasa ke ɗaukar mutum da inda take yaudara. Doguwa ma bayansa take bi.

Muka tsaya. Ka'ida ita ce kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya rubuta nasa, kada wani ya ga na wani. Suka yi haka a fadama uku. A ta huɗu, bayan sun gama, Malam ya ce, "'Yata, yanzu ba na lissafi ba. Juyo. Duk sanda kika ji shi, ɗaga yatsa."

Ta kalle ni. Na gyaɗa kai.

Yatsa ya tashi. Ya sauka. Ya sake tashi. Ni kaina ina jin fiton, daga dama, daga hagu, daga can bakin ruwa. Malam yana tsaye, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kan yatsan yarinyar nan.

Can sai ya daina kallonta. Ya juya ya ƙura wa wani kututturen ciyawa ido, ya ɗaga madubi a hankali. Ya san irin karan da ɗan-fito ke son hawa in rana ta fara taɓa shi. Ya daɗe a haka. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, na ce shi ke nan, kuka ne.

Ashe dariya ce. Ya miƙo min madubin yana cewa, "Duba ɗan banza! Duba bakinsa! Waƙa yake ta yi, har wuyansa na kumbura!" Na duba, ga shi kuwa, ɗan ƙanƙani, baki buɗe, jela na rawa. Malam ya zauna a cikin lakar nan da wandonsa, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ashe suna nan. Alhamdulillahi, ashe suna nan. Na yi ta yi musu ta'aziyya, 'yan iska suna ta aure."

Doguwa ta yi kuka, ni na yi, shi ya yi, duk muna dariya. A hanyar dawowa ya ciro min takalmina daga laka, ya ce a kai shi gidan tarihi.

Laraba

Ya koma fadama jiya da yau, shi da Doguwa. Ina ta zuba wa Boka sabbin lambobi. Ƙiyasin ya matse, kuma koren bai ja da baya ba. Malam ya tsaya a kaina yana tambaya, "To nawa na ci?" Na ce cikin goma kana kama uku. Ya ce a makaranta ma da haka ya wuce lissafi.

Juma'a, da la'asar

Kwamiti. Ya sa rigar.

Na zauna a baya. Ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, na yi muku alkawarin labarin halittar da ke raguwa a fadamun nan. Mun same ta. Ga ta tsaye a gabanku." Ya sa zanen kunnensa a bango, layin yana gangarawa, ya bi shi da sanda shekara-shekara kamar na wani ne daban. Sannan ya sa taswirar, koren ya hau kogi, ya ce, "Wannan kuma ɗan-fito ne, yana gaishe ku."

Aka kwashe da dariya, aka tafa. Wani mai tambayar tsiya ya ce to yaya za a amince da bayanan baya? Malam ya nuna ni ya ce, "Tambayi Hajiya, ta auna ni." Na tashi na yi bayani, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Oga ya ce daga yanzu mutum biyu-biyu za a riƙa saurare a wasu fadamun kowace shekara, kuma Mai Kunne ne zai horar da sabbin. Malam ya ce a canza masa suna. Oga ya ce an riga an buga a ƙofa.

Talata, da rana

Auta ta zo ta kai shi asibiti da kanta. Ya dawo da ɗan abu a bayan kowane kunne, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ce duniya ta cika surutu. Ya ce firjinmu na gurnani, ƙofar banɗaki na kuka, ni kuma ihu nake yi. Na ce sati biyu ka sa ni ihu, yanzu ka saba.

Likita ta ce ba lalle ne komai ya dawo ba. Za a gani a fadama. Ni dai ga sabon aiki ya same ni, dole Boka ya san Malam biyu ne yanzu, na kafin na'ura da na bayanta. Na ce masa ko'ina matsala ne kai, a gida da a kwamfuta. Ya ce ya ji, kuma wannan karon da gaske ya ji.

Alhamis, da safe

Ya kama bakwai cikin goma. Ya shigo da takalmi har falo don ya gaya min. Ban ce komai ba a kan kafet.

Lahadi, da la'asar

Ina zaune a teburin cin abinci ina shigar da lambobin makon nan, sai na ji mutum a tsaye a bakin ƙofa. Na ɗago. Malam ne, yana kallona wani iri.

Ya ce, "Yaushe kika koma waƙa?"

Na ce, "Wace waƙa?"

Ya ce, "Wadda kike yi ƙasa-ƙasa in kina aiki. Tun muna gidan haya kike yin ta."

Na ce, "Ni ban ma san ina yi ba. Ai ban taɓa dainawa ba, Auta kullum sai ta ce na ishe ta."

Ya jawo kujera ya zauna a gabana. Ya murza gefen teburi da yatsa. Sannan ya ce, "Shekara huɗu ke nan ina tunanin me na yi miki. Na ɗauka kin daina jin daɗin zama da ni. Na rasa yadda zan tambaya."

Wayyo Malam. Wayyo mutumin nan. Na kama hannunsa na ce ba abin da ya yi min sai laka a kafet. Ya yi dariya, idonsa ya cika, nawa ma haka.

Ya ce to in ci gaba. Wallahi waƙar ta gudu, ko farkonta na kasa tunawa, kunya ta rufe ni kamar yau aka kawo ni gidansa. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, in ya tafi za ta dawo.

Ya ƙi. Ga shi nan zaune har yanzu, ya tallafe haɓa, wai zai jira.